Allahnku Nawa Ne?

Nassoshin da za a karanta: Markus 12:28-34, Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 1 Bitrus 3:15-16.

Ko Gbagyi kuke ji a gida, ko Gade, ko Koro, ko Gwandara, ko wani harshen da kuka zo da shi daga Filato ko kudancin Kaduna, Hausa ce ta tara mu yau. Allah ya sa albarka a kan abin da za mu ji.

Wata uwa daga Nyanya ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce 'yarta mai shekara 11 ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Da ta matsa mata, sai yarinyar ta ce, "Mama, ƙawata ta tambaye ni wai mu Allahnmu nawa ne. Ta ce an gaya mata uku ne. Ban san abin da zan ce ba." Uwar ta ƙare wasiƙarta da cewa, "Fasto, ni ma ban san abin da zan faɗa mata ba. Na ce mata asiri ne, ta bar maganar. Amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba."

'Yar'uwa, mun gode da wasiƙarki. Gidaje da yawa suna da wannan damuwa, ke ce kawai kika yi ƙarfin halin rubutawa. Yau za mu duba yadda Yahudawa da Musulmi suke kallon koyarwarmu ta Triniti, wato cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wanda bai san abin da yake damun maƙwabcinsa ba, ba zai iya ba shi amsar da za ta shiga kunnensa ba.

A Abuja ba sai an yi nisa ba kafin a gamu da wannan tambaya. A tsakiyar birnin ga Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a shekarar 1984. Ba nisa da shi ga Cibiyar Kirista ta Ƙasa, wadda aka kammala a shekarar 2005. A Jikwoyi da Kubwa kuwa akwai majami'un Yahudawa, inda 'yan Nijeriya, yawancinsu 'yan ƙabilar Ibo, suke taruwa ranar Asabar. Dukanmu muna ambaton Ibrahim. Mu da Musulmi ma suna ɗaya muke kira, gama tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, kalmar Allah ce a cikinsa.

Yesu da malamin Attaura

Ku buɗe Markus sura 12. Wani malamin Attaura ya zo wurin Yesu a Urushalima, ya tambaye shi wace doka ce take gaba da sauran duka. Yesu bai kawo sabuwar magana ba. Ya koma ga abin da Musa ya koya wa Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a sura 6, inda aka shaida kaɗaitakar Ubangiji, aka kuma umarci mutum ya ƙaunace shi ba tare da ya rage kome ba. Sa'an nan ya haɗa da ƙaunar maƙwabci. Malamin ya yarda da amsar, Yesu kuma ya yaba masa.

Ku riƙe wannan da kyau. Ubangijinmu da bakinsa ya sa kaɗaitakar Allah a gaban kome. Duk Kiristan da ya ce alloli uku ne ya saɓa wa Yesu kansa.

Yadda Yahudawa suke gani

Yahudawa suna kiran wannan aya ta Maimaitawar Shari'a 6:4 Shema, wato "ji", domin da wannan kalma ta fara a harshen Ibrananci. Suna karanta ta safe da yamma. Suna rubuta ta a fata, su sa a ɗan kwano, su manna a dogaran ƙofar gida. Tana cikin abin da ake fara koya wa yaro, ita ce kuma Bayahude yake fata ta zama maganarsa ta ƙarshe. Suna ba da labarin babban malaminsu Akiba, wanda Romawa suka kashe wajen shekara ta 135, cewa ransa ya fita yana furta kalmar "ɗaya".

Malamin da ya fi tsara musu wannan koyarwa shi ne Musa ɗan Maimun. An haife shi a Kurɗuba ta ƙasar Sifen, ya yi aikin likita a Masar, ya rasu a shekarar 1204. Ya rubuta ginshiƙan bangaskiya 13. Na biyu ya ce Allah ɗaya ne, ba irin ɗayan da ake samu idan an ɗaure abubuwa da yawa a dami ɗaya ba, gama ba shi da sassa. Na uku ya ce Allah ba shi da jiki, abin da yake samun jiki kuma ba ya samunsa. Da wannan ma'auni ya yanke cewa sujadar Kirista ta shiga cikin bautar gumaka, amma bai sa Musulmi a wannan layi ba. Magana ce mai zafi a kunnenmu, amma gara mu san ta.

Ba dukan malamansu ne suka tsaya a nan ba. Wani malami a kudancin Faransa mai suna Menahem Meiri, wanda ya rayu a ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, ya ce Kirista da Musulmi al'ummai ne da addini ya yi wa iyaka, ba za a haɗa su da matsafan dā ba. Waɗansu malamai a Turai suka yi amfani da kalmar shittuf, wadda ma'anarta ta yi kusa da abin da Musulmi suke kira shirka. Suka ce haramun ce ga Bayahude, amma suka yi saɓani ko an ɗora wa sauran al'ummai wannan hani da tsanani iri ɗaya. A shekarar 2000, malaman Yahudawa fiye da 200, yawancinsu a Amurka, suka sa hannu a wata takarda da ta ce Yahudawa da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Waɗansu daga cikin masu tsananin riƙon al'ada suka ƙi sa hannu.

Abin da ya fi yi musu nauyi shi ne zaman Allah mutum. A shekarar 1263, Sarki Yakubu na Farko na Aragon ya kira muhawara a birnin Basalona. Malamin Yahudawa, Musa ɗan Nahman, ya gaya wa sarkin cewa tushen saɓanin yana kan yadda muke kwatanta Allah: hankalin Bayahude ba ya ɗaukar cewa Mahaliccin sama da ƙasa ya shiga cikin mace, aka haife shi, ya yi girma, aka kuma kashe shi. Suna kafa hujja da wurare kamar Littafin Ƙidaya 23:19 da Ishaya sura 44 da 45.

Waɗansunmu sukan kawo Farawa 1:26, inda Allah ya yi magana da bakin jam'i sa'ad da zai halicci mutum, suna tsammani sun gama gardama. Ku sani Yahudawa sun daɗe da tasu fassara. Malaminsu Rashi, wanda ya rasu a Faransa a shekarar 1105, ya ce Allah yana shawara ne da mala'iku domin ya koya wa manya tawali'u, ya kuma nuna cewa aya ta gaba ta koma ga bakin mutum ɗaya. Mu muna karanta wannan aya da hasken Sabon Alkawari. Su ba su da wannan haske a hannunsu, saboda haka ayar kaɗai ba za ta rinjaye su ba.

Akwai kuma rauni na tarihi. A shekarar 1096, mayaƙan da suka ɗauki alamar gicciye sun kashe Yahudawa da yawa a garuruwan bakin kogin Rain a Jamus, suna ce musu ko baftisma ko mutuwa. A shekarar 1492 aka kori Yahudawa daga Sifen, sai wanda ya yarda a yi masa baftisma. Sunan nan mai tsarki da aka kira a kanmu ranar baftismarmu, an kira shi a kan kakanninsu da takobi a wuya. Wannan zunubi ne da masu ɗauke da sunan Almasihu suka yi, bai kamata mu ɓoye shi ba.

Yadda Musulmi suke gani

Yanzu mu zo ga maƙwabcin da muke sha daga rijiya ɗaya. Zuciyar Musulunci ita ce tauhidi, wato kaɗaita Allah. Yaron makarantar allo yana haddace sura ta 112, wadda Hausawa suke kira Ƙulhuwallahu, tun yana ƙarami. Ayoyinta huɗu ne kawai. Suna koyar da cewa Allah ɗaya ne, haihuwa ba ta shafe shi ta kowace fuska ba, ba shi kuma da tamka. Malaman tauhidi a ƙasar Hausa suna koyar da cewa Allah ɗaya ne a zatinsa, da siffofinsa, da ayyukansa. Kishiyar tauhidi ita ce shirka, wato haɗa wani da Allah. Sura ta 4, aya ta 48, ta sa shirka a matsayin zunubin da ba a gafarta wa wanda ya mutu a kansa. Saboda haka in Musulmi ya tambaye ka Allahnka nawa ne, ba kullum ne yake neman tsokana ba. Sau da yawa tsoro yake ji maka.

Alƙur'ani ya taɓa wannan magana a wurare da dama. A sura ta 4, aya ta 171, ya gargaɗi Ma'abota Littafi kada su wuce iyaka, ya hana su faɗin uku. A sura ta 5, aya ta 72 da 73, ya kafirta masu cewa Allah shi ne Almasihu, da masu sa Allah na ukun uku. A aya ta 75 ya kawo hujja cewa Isa da mahaifiyarsa suna cin abinci. A aya ta 116 ya nuna Allah yana tambayar Isa ko shi ne ya ce a ɗauke shi da mahaifiyarsa alloli, Isa kuma ya musanta. A sura ta 6, aya ta 101, ya yi tambaya yadda Allah zai sami ɗa alhali ba shi da mata.

Duk da haka Musulmi suna girmama Isa ƙwarai. Sun yarda budurwa ce ta haife shi. Sura ta 19 tana ɗauke da sunan Maryamu. Sun yarda ya warkar da makafi da kutare, ya ta da matattu da izinin Allah. Ayar nan ta 171 da ta hana faɗin uku, ita ce kuma ta kira shi Almasihu, da kalmar Allah, da ruhu daga gare shi. Amma a wurinsu bawa ne kuma manzo, bai wuce nan ba. Wannan magana tana da nauyi a gare su har Halifa Abdulmalik, da ya gina Ƙubbar Dutse a Urushalima wajen shekara ta 691, ya sa aka rubuta wannan aya a bangon ciki.

Tattaunawa a kan wannan ba yau ta fara ba. Littattafan tarihin Musulunci sun ba da labarin Kiristocin Najran da suka zo Madina wajen shekara ta 631, suka yi muhawara da Annabi Muhammadu a kan Isa. Ba su daidaita ba, amma suka rabu da yarjejeniyar zaman lafiya. Wajen shekara ta 781 kuma, Halifa Mahadi ya zauna kwana biyu a Bagadaza da Timoti, shugaban Ikkilisiyar Gabas. Halifan ya fara da cewa bai dace mutum mai ilimi kamarsa ya ce Allah ya auri mace ya haifi ɗa ba. Timoti ya amsa da mamaki, ya tambayi wane ne ya taɓa yin irin wannan saɓo. Shekara fiye da 1,200 ke nan, amma tambayar da aka yi a fadar Bagadaza ita ce ake yi wa 'ya'yanmu a makarantun Nyanya.

Abin da mu ma muka ƙi

Akwai abubuwa huɗu da maƙwabtanmu suke tsammani mun gaskata, mu kuwa muna ƙinsu kamar yadda suke ƙinsu.

Na fari, ba mu ce alloli uku ne ba. Ku duba 1 Timoti 2:5 da Yakubu 2:19. Kiristocin ƙasashen Larabawa, in sun ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, nan take sukan ƙara da cewa Allah ɗaya. Al'ada ce mai kyau.

Na biyu, Maryamu ba ta cikin Triniti. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan irin girman da suke ba ta, amma Katolika da Angilikan da Baptis da ECWA da COCIN duk sun yarda ita halitta ce, baiwar Ubangiji.

Na uku, Allah bai yi aure ba, bai kuma haifi ɗa irin na jiki ba. A Hausa mukan ce ɗan ƙasa, ko ɗan hanya, ba wanda yake tsammani ƙasa ta yi aure. Kalmar ɗa tana iya nuna dangantaka ba tare da zancen namiji da mace ba. Sa'ad da muka ce Ɗan Allah, muna nufin wanda yake daga Uba tun fil azal, yana da Allahntaka ɗaya da shi. Bai fara kasancewa a Baitalami ba.

Na huɗu, ba mu ɗauki wani annabi muka ɗaga shi ya zama Allah ba. Da haka muka yi, da mun yi shirka da gaske. Abin da muka shaida shi ne Allah ne ya sauko.

Inda muka rabu da gaske

Amma 'yan'uwa, kada mu ruɗi kanmu cewa rashin fahimta ne kaɗai. Akwai malaman Musulunci da suka karanta koyarwarmu da kyau, kamar Abu Isa al-Warraƙ a ƙarni na 9 da Ibnu Taimiyya wanda ya rasu a shekarar 1328, suka kuma ƙi ta. Hujjarsu ita ce: in Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, to, ko dai alloli uku ne, ko kuwa Allah yana da sassa. Mai sassa yana bukatar sassansa, mabukaci kuwa ba Allah ba ne. Kusan wannan ce hujjar Musa ɗan Maimun. Bayan an share duk rashin fahimta, tambaya ɗaya takan rage: wane ne Yesu?

Ku tuna almajiran farko Yahudawa ne masu karanta Shema safe da yamma. Ba su zauna su ƙirƙiro lissafi ba. Wani abu ne ya same su. Sun ji Yesu yana gafarta zunubi, abin da yake na Allah kaɗai, a Markus sura 2. Sun ga iska da teku sun yi masa biyayya a sura 4. Sun gan shi a raye bayan gicciye, har Toma ya kira shi da sunan da Bayahude ba ya ba kowa sai Mahalicci, a Yahaya 20:28. Sun kuma ji shi yana addu'a ga Uba, saboda haka sun san shi ba Uban ba ne. Ranar Fentikos Ruhu ya sauko a kansu, Bitrus kuma ya gaya wa Hananiya a Ayyukan Manzanni sura 5 cewa yi wa Ruhu ƙarya yi wa Allah ƙarya ne. Ba su bar shaidar Musa ba, ba su kuma iya musun abin da suka gani ba. Shi ya sa Bulus, a 1 Korantiyawa 8:6, ya sa Uba da Yesu tare a cikin shaidar Allah ɗaya. A Matiyu 28:19 kuma an ambaci uku, amma suna ɗaya aka ce.

In wani ya ce muku kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ku ce gaskiya ne. Ikkilisiya ce ta nemi kalmar da za ta tattara abin da Nassi ya faɗa. Wanda ya fara rubuta ta da Latin shi ne Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, a farkon ƙarni na 3. Da Ariyus na Iskandariya ya koyar cewa Ɗan halitta ne, aka kira taron Nikiya a shekarar 325, aka ƙi koyarwarsa. Atanasiyus na Masar ya sha kora daga kujerarsa har sau biyar saboda ya tsaya a kan shaidar Nikiya. Taron Kustantiniya na shekarar 381 ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi shekaru yana rubutu a kan wannan. Kun ga 'yan Afirka suna gaba a wannan aiki, ɗaruruwan shekaru kafin Turawan mishan su zo ƙasarmu.

Me suka ce? Sun ce Allahntaka ɗaya ce, ba ta rabuwa kashi kashi. Uba cikakken Allah ne, haka Ɗa, haka Ruhu, ba sulusi sulusi ba. Ba mu ce uku ta fuskar da muka ce ɗaya ba. In aka tambayi mene ne shi, amsa ɗaya ce: Allah. In aka tambayi wane ne shi, ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu. A nan Hausarmu takan ba mu wahala. In ka ce "mutum uku", mai ji zai ga maza uku a zaune. In ka ce "Allah uku cikin ɗaya", kunnen maƙwabcinka zai tsaya a kan kalmomi biyu na farko. Gara ka fara da ɗaya.

Ku yi hankali da misalai kuma. Waɗansu sukan ce kamar duwatsun murhu uku ne da suke ɗaukar tukunya ɗaya. Amma kowane dutse dabam yake, ana iya ɗauke shi. Waɗansu sukan ce kamar mutum ɗaya ne da yake uba a gida, malami a makaranta, dattijo a ikkilisiya. Amma wannan mutum ba ya iya aiko kansa ko ya yi wa kansa addu'a. Timoti ya ba Halifa misalin rana da haskenta da zafinta. Ya fi sauran kusa, duk da haka ba abin da aka halitta da zai auna Mahalicci.

Akwai wata ƙofa da ta fi misalai amfani. Ka tambayi abokinka cikin ladabi: an taɓa yin lokacin da Allah ba shi da Maganarsa? Musulmi da kansu sun yi fama da wannan. A shekarar 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya ƙi, aka ɗaure shi, daga baya aka yi masa bulala. Ra'ayinsa ne ya tabbata a wurin Ahlus Sunna, cewa maganar Allah ba halitta ba ce. A wurinsu wannan magana siffa ce ta Allah, ta kuma sauko a littafi. A wurinmu, bisa ga Yahaya sura 1, Kalman yana tare da Allah tun farko, ya kuma sauko ya zama mutum. Abokinka ba zai yarda da kai nan take ba, amma zai ga ba wauta kake faɗa ba.

Me ya sa ba za mu bar wannan koyarwa domin a zauna lafiya ba? Domin cetonmu yana rataye a kanta. Ishaya sura 43 ta nuna Ubangiji kaɗai ne Mai Ceto. In Yesu halitta ne, to, halitta ce ta mutu dominmu, Allah kuwa yana nesa yana kallo. Amma in shi ne Kalman Allah, to, Allah da kansa ne ya shigo cikin wahalarmu ya ɗauki laifinmu. Maƙwabtanmu suna tsoron kada a ƙasƙantar da girman Allah. Mu mun gaskata ƙaunarsa ce ta sa ya sunkuyo, girmansa kuma bai ragu ba.

Yadda za mu amsa

Bitrus ya ce mu zauna da shirin ba da amsa, ya kuma ce mu yi ta da tawali'u da bangirma. Dukan biyun umarni ne. A ƙasarmu mun san abin da magana marar kangado take jawowa. A watan Nuwamba na shekarar 2002, rubutu ɗaya a jarida ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna, har ya taɓa Abuja. Ba abin da ya halatta kisa, amma mai hikima yana auna maganarsa. Kada ku zagi abin da maƙwabcinku yake girmamawa. Kada ku koya wa yara ba'a. Kada ku shiga gardamar taron jama'a a tasha ko a kasuwa ko a Facebook, inda kowa yake neman ya kunyata wani. Maganar nan ta fi kyau tsakanin mutum biyu da suka san juna.

Akwai kuma wurin da za mu tsaya tare. A shekarar 2007 malaman Musulunci 138 daga ƙasashe da yawa suka rubuta wa shugabannin Kirista wasiƙa, suka ce abin da ya haɗa mu shi ne ƙaunar Allah ɗaya da ƙaunar maƙwabci. Cikin nassoshin da suka kawo har da Markus 12, wanda muka fara da shi yau.

Ina da maƙwabci tela, mun daɗe tare. Wata rana da yamma muka yi wannan hira a bakin shagonsa har aka kira sallar magariba. Da zai tashi ya ce, "Fasto, yau na gane ba ku ce Allah ya yi aure ba. Amma sauran maganar ban yarda ba." Na ce, "Malam, na gode da ka saurare ni." Har yanzu bai yarda ba. Har yanzu kuma naman Sallah yana zuwa gidana, shinkafar Kirsimeti tana zuwa gidansa. Nawa aikin in shaida gaskiya, in zauna da shi da amana. Buɗe zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Ke kuma uwar da kika rubuto, ki zauna da 'yarki yau da dare. Kada ki ce mata asiri ne kawai ki yi shiru. Ki koya mata ta ce, "Allahnmu ɗaya ne, shi ne ya halicci ni da ke. Bai yi aure ba, ba shi da abokin tarayya. Mun gaskata ya aiko Kalmarsa ta zama mutum, shi ne Yesu, yana kuma zaune a cikinmu ta wurin Ruhunsa." In ƙawar ta ƙara tambayar da ta fi ƙarfinta, ta ce, "Zan tambayi Mama in zo miki da amsa." Ba kunya a cikin wannan. Ki kuma gaya mata kada ta rabu da ƙawarta saboda tambaya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai kaɗai ne Allah. Mun gode da ka bayyana mana kanka cikin Ɗanka, ka kuma ba mu Ruhunka. Ka gafarta mana inda muka yi magana da girmankai, da inda muka yi shiru don tsoro. Ka ba 'ya'yanmu bangaskiya mai tushe da baki mai ladabi. Ka albarkaci maƙwabtanmu Musulmi da Yahudawa, ka ba Abuja da ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Wace doka ce Yesu ya sa a gaban sauran a Markus 12, me wannan yake koya mana game da yawan Allah?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne ake tsammani mun gaskata, alhali mu ma mun ƙi su?
3. Da wace kalma kuke kiran Allah a harshenku na gida? Ku gwada faɗin amsar yarinyar nan da harshenku.
4. Wane maƙwabci ne za ku yi wa addu'a da alheri a wannan mako?

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.